Sun Ce Kunyar Ɗan Fari Ce

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan shafi, kuma ka bar ni babu suna, domin yawancin waɗanda zan ambata suna raye.

A shekarun da aka ba mu jiha, ma'aikata suka yi ta kwararowa Dutse, ni yarinya ce mai rawar kai da ta gama sakandare tana ganin duk garin babu wadda ta kai ta iya karatu. Na auri wanda nake so, ƙaramin ma'aikaci a sakatariya, ɗan Fulanin Aujara da suka daɗe da zama gari. Muka kama ɗaki a wani gidan haya a Limawa, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, matan aure kuwa kowace da ƙofarta. A cikinsu ni kaɗai ce boko ya zauna wa sosai, saboda haka da zarar an yi azahar an sauke tukwane, sai a shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya a miƙo mini littafin hikaya irin waɗanda ake kawowa daga Kano. Ina karantawa ina sauya murya, su kuma suna yanke hukunci. Babbar alƙaliyarmu ita ce maƙwabciyata mai kitso, wadda bango ɗaya ne ya raba ɗakinta da nawa. Ta girme ni nesa, Yaya nake ce mata. Ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, amma kafin in kai ƙarshen shafi ta riga ta saki wance ta aurar da wance.

Na yi shekaru ban samu ciki ba, don haka da na haifi namiji murna ta yi yawa. Mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama, sai surukata ta taso daga Aujara ta zo yi mini wankan jego. Ranar da aka ɗora mini yaron a cinya na dube shi na jira in ji abin da mata ke cewa suna ji, ban ji komai ba. Na ce gajiya ce. Bayan suna sai wani abu ya shigo wanda ya fi rashin jin muni. In na wuce ta bakin rijiya sai in ga hoton hannuna yana sakin sa a ciki, ƙarara, har da ƙarar ruwan. In an sauke ruwan zafin wanka sai in ga wani hoton. Wallahi ban taɓa son in cutar da shi ba, amma hotunan ba sa neman izinina. Na yi ta'awwuzi har bakina ya bushe, na daina barcin kirki, abinci ya fita raina. Dabarar da na samu ita ce in nisance shi. Ina ba shi nono fuskata a bango, yana saki in miƙa wa duk wanda ke kusa. Ba na yi masa wasa, ba na goya shi, ko sunansa ba na faɗa.

Kun san al'adarmu ta kunyar ɗan fari. Surukata, Allah ya jiƙanta, ta ga haka sai daɗi ya kama ta. Duk wanda ya zo barka sai ta ba shi labari cewa ta yi zaton 'yar boko za ta riƙa sumbatar ɗa a gaban mutane, ashe ta samu wadda ta fi 'yan matan ruga alkunya. Maigidana har wani ƙara tsayi yake in ana faɗa. Ina zaune ina mutuwa a gabansu, su kuma suna sa mini albarka.

Bayan arba'in surukata ta koma gida, matan gidan suka matsa sai an dawo da karatu. Littafin da aka kawo a lokacin ya bambanta da waɗanda muka saba. Babu attajiri mai mota, babu kyakkyawar da ba ta laifi. Matar da ke ciki mai girman kai ce, mai saurin baki, tana yi wa mijinta ƙananan ƙarairayi a kan abin da bai kai ya kawo ba, amma duk da haka sai ka ji kana tausayinta, don marubuciyar ta shigar da kai har cikin kanta kana jin abin da take saƙawa. Mata suka yi ta dariya, wannan ta ce ai wance ce sak, waccan ta ce a'a ke dai ce. A littafi na biyu matar ta haifi 'ya mace. Ina cikin karatu da muryata ta wasa sai na tsinci kaina ina karanta sirrina da bakina. Tsoron ɗaukar jaririya, juya fuska wajen shayarwa, har rijiyar. Amma ban isa in tsaya ba, don in na tsaya za a tambaye ni dalili.

Abin da ya biyo baya shi ya rufe mini baki shekara da shekaru. Ɗaya ta ce marubuciyar ba ta tsoron Allah, ina aka taɓa yin uwa irin wannan. Wata ta ce aljanu ne, a kai ta a yi mata ruƙiyya. Yaya mai kitso kuwa ta saki kan da take kitsawa ta miƙe tsaye, ta ce wannan ba mutum ba ce, ko akuya ba ta yi wa ɗanta haka, a ƙwace yarinyar a kai matar gidan mari a ɗaure. Har tofar da yawu ta yi. Ni ma na buɗe baki na ce Allah ya kiyashe mu da irinta. Littafin ya ƙare matar tana tsaye a bakin rijiya da 'yarta a hannu, aka rubuta a ƙasa cewa sai a nemi na uku.

A daidai wannan lokaci aka ƙaddamar da shari'a. Ina cikin waɗanda suka yi murna, har yau kuma ba na ɗora mata laifin abin da ya same ni. Sai dai a cikin zafin lokacin masu wa'azi sun taso wa littattafan nan, suna cewa su ke lalata matan aure. Mutumin da ke kasa su a bakin tasha ya koma sayar da hijabai. Maigidana ba mai tsanani ba ne, amma ya ji kunyar abokansa, ya tattara nawa a buhu ya fita da su. Tabarmar darbejiya ta watse. Kowa ya manta da matar da aka bari tsaye a bakin rijiya, ban da ni.

Zai yi wuya ku fahimci wannan in ba ku taɓa shiga ba. A duk duniya mutum ɗaya na sani mai irin ciwona, kuma a takarda take. Sai na ɗaura rayuwata a tata. Na ƙudurta a raina cewa in ta saki yarinyar to ni ma ƙarshena ke nan, in ta tsira akwai hanya kuma littafin zai nuna mini ita. Na zama kamar mahaukaciya wajen neman na uku. Na riƙa cewa zan kai yaro rigakafi, in bar shi wajen maƙwabta in zarce tasha ina bin direbobin Kano ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, wasu su yi mini dariya, wasu su yi mini nasiha. Na aika wa wata 'yar ajinmu da ke aure a Kafin Hausa, ta ce mijinta ya ƙona nata. Na yi sallolin nafila ina roƙon Allah ya kawo mini littafin hikaya, ina idarwa in ji kunyar abin da na roƙa. Da mutum ɗaya ya zaunar da ni ya tambaye ni me ke damuna da na faɗa, amma wa zai tambayi wadda ake kafa misali da ita?

Wata rana da hantsi matan gidan suka tafi suna a maƙwabta, ni na ce kaina na ciwo. Yaron ya fara rarrafe. Na fito daga ɗaki na gan shi ya nufi rijiya, wani ya ja ruwa ya bar murfin a gefe. Tsakanina da shi bai fi in miƙa hannu ba, amma na kasa. Tsorona shi ne in na ɗauke shi a wannan wuri hannuna zai aikata abin da na daɗe ina gani. Na tsaya ina kallonsa yana dafa bakin rijiyar yana gwalantunsa. Allah ya kawo Yaya mai kitso, ta dawo ɗaukar wani abu da ta manta. Ta yi kukan kura ta fizge shi, ta juyo za ta zazzaga mini masifa, sai ta dubi fuskata ta fasa. Ta daɗe tana kallona. Ta rufe rijiyar, ta shige ɗakinta da yaron.

A ranar na yanke shawara. Maigidana yana da yaya a Aujara da ba ta taɓa haihuwa ba. Na ce masa ina so a ba ta yaron riƙo, don ina jin nauyin raino a gaban mutane, kuma zumunci ne. Ya ce ai bai isa yaye ba. Na nace. Da labari ya kai Aujara, surukata ta yi kukan daɗi ta ce irin wannan halin sai gidan mutunci. Aka yaye shi da wuri, yayar maigidan nawa ta zo ta goya shi suka hau mota yana ihu yana miƙo hannu. Na koma ɗaki na rufe ƙofa, kuma abin da na ji a ƙirjina sauƙi ne. Wannan sauƙin ne har yau na kasa yafe wa kaina.

A hankali ciwon ya sake ni. Na wayi gari ina iya jan ruwa ba tare da na ga komai ba, kuma a lokacin ne son ɗana ya zo mini gaba ɗaya, son da na jira tun ranar haihuwa. Ya zo bayan na riga na bayar. Da wane baki zan ce a dawo da shi, bayan matar ta ɗauke shi tamkar ranta kuma ni na roƙa a karɓa? Na haifi mata biyu daga baya, na raine su lafiya. Shi kuwa ya tashi yana kiran gwaggonsa Inna, ni kuma Antin Dutse.

Shekaru suka ja. Mijin Yaya mai kitso ya yi ritaya za su koma garinsu. Tana haɗa kaya ta kira ni ɗakinta ta tura ƙofa. Ta buɗe akwati, ta ɗaga zannuwa, ta ciro wani abu a naɗe cikin tsohon ɗankwali ta ajiye mini a cinya. Littafi na uku ne, sabo fil, ko lanƙwasa babu. Ta ce ƙaninta direba ne ya samo mata a Kano tun watan da muka gama na biyu. Ta ce a haihuwarta ta uku ta yi irin wannan ciwo, har takan ɗaure hannunta da zani in za ta kwanta kusa da jaririn, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Zagin da ta yi a ƙarƙashin darbejiya na tsoro ne, kada wani ya dubi fuskarta. Ita ma ta ƙagu ta san ƙarshen matar, amma ba ta iya karatu ba, kuma in ta kawo mini zan tambaye ta me ya dame ta da wadda ta tofa wa yawu. Ta ce ranar rijiya ta gane ni sarai, ta so ta yi magana, kunya ta hana ta. Duk watannin da nake bin direbobi a tasha, littafin yana bayan bangon da nake jingina kaina.

Ta roƙe ni in karanta mata, na karanta muna kuka. Matar ba ta saki yarinyar ba. Ta zauna a bakin rijiyar ta fashe da kuka har wata tsohuwar ungozoma ta same ta, ta faɗa mata komai. Tsohuwar ba ta zage ta ba, ta ce ciwo ne da ke kama wasu masu jego, ta raka ta asibiti. Matar ba ta zama waliyyiya ba, bakinta yana nan da kaifinsa, kuma kullum sai ta duba murfin rijiya kafin ta yi komai. Amma a shafin ƙarshe 'yarta tana goye a bayanta. Yaya ta kama ƙafata ta ce in yafe mata. Na ce na yafe, ko da yake zuciyata ta daɗe kafin ta bi bakina.

Abin da na koya, 'yan'uwana mata, shi ne in ana ba da labarin mai rauni, ko a littafi ne ko a bakin mutane, ku tauna maganarku kafin ku yanke hukunci, domin ba ku san wadda ke zaune a tabarmar tana auna kanta da bakinku ba. Mai yiwuwa ma wadda ta fi kowa zagi ita ce ta fi kowa ciwo. Iyaye da surukai, in kun ga mai jego tana kau da kai daga ɗanta, kafin ku yaba kunyarta ku ja ta ɗaki ku tambaye ta ko lafiya. Ke kuma da kike cikin halin da na shiga, ba muguwa ba ce ke, kuma ba ke kaɗai ba ce. Ki faɗa wa wani yau, ki je asibiti, kada ki jira littafi na uku kamar yadda na yi.

Ɗana ya zama saurayi, mai ladabi ƙwarai. Da Sallar da ta wuce ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Innarsa tana gaida Anti. Majanyin da surukata ta kawo masa ranar suna yana nan a akwatina. Ko sau ɗaya ban taɓa goya shi da shi ba.