Telan da Ya Bar wa Surukarsa Gida

Zakari tela ne a Sabon Garin Maraɗi. Matarsa Tahira ta yi goyon cikin fari a Jiratawa, gidan iyayenta. Jaririn ya yi ciwo, kafin a kai shi asibiti, Allah ya karɓe shi. Da ta sami ciki na biyu, ta dage ba za ta haihu ba sai gaban mahaifiyarta, shi kuwa ya hana. Har ta ɗaure kayanta, aure ya fara rawa.

Sai ya aika aka ɗauko surukarsa. Da yake kunya ba ta barin su zauna gida ɗaya, ya naɗe tabarmarsa.

"Malam, ina zuwa?" in ji Tahira.

"Shago. Gidan naku ne, ke da Inna."

Wata huɗu yana kwana gefen keken ɗinki. Bana Sauda, ƴar da aka haifa a wannan cikin, ta fara karatun allo.