Inna Tambaya da Tagar da ta Fasa

Da an sallame sallar asuba, Inna Tambaya ce take buɗe ƙyauren ƙaramin asibitin da ke gefen hanya tsakanin Nahuce da Bungudu. Ta faskara itace, ta hura wuta a ƙarƙashin rabin duro, ta cika shi da ruwan rijiya bokiti takwas. Kafin malaman asibiti su iso da baburansu, ruwa ya tafasa, ta share ɗakin haihuwa, ta wanke zannuwan da wasu ko kallonsu ba sa iyawa. A takardar aiki sunanta mai shara. Shekara talatin da ɗaya ta yi a haka, kuma duk macen da ta haihu a wurin, da ruwan Tambaya ta fara wankan jego.

A watan jiya ta ajiye aiki. Ba a kafa rumfa ba, ba wanda ya yi jawabi. Wannan bai dame ta ba, domin ba ta taɓa sa ran haka ba. Abin da yake cin ranta daban ne. Shekara goma sha biyu ke nan ana nuna ta ana cewa ita ta kashe wata tsohuwa, ita kuwa burinta kafin ta bar duniya wani ya buɗe baki a gaban mutane ya ce ba ita ba ce.

Duk wanda ya yi wayo a lokacin bai manta da sanyin shekarar nan ba. Kwana uku iska tana kaɗawa ba ƙaƙƙautawa, rana ta fito kamar ba ta fito ba. Manja ya daskare a kwalba sai an kai shi bakin wuta. 'Yan tsaki suka riƙa mutuwa a akurki, 'yan awaki a turke. A Gusau 'yan kabu-kabu suka jingine babura, masu hatsi suka bar buhuna a ɗaure. Mutane suna alwala suna cije leɓe, tsofaffi kuwa taimama suka koma. Faso ya tsaga dugadugan Tambaya har jini, amma ba ranar da wutarta ba ta kama ba.

A cikin wannan sanyi ne Buba, wani makiyayi da 'yan bindiga suka tarwatsa rugarsu a wajen Tsafe, ya kawo matarsa Wasila tana naƙuda da cikin wata bakwai. Ta haifi 'ya mace, 'yar mitsitsiya. Mahaifiyar Buba, tsohuwa Juwairiyya, ta zauna jinya. Buba mutum ne da ya rasa kusan komai, ya kuma ƙudurta ba zai rasa wannan jaririya ba. Da yamma ya nemo gawayi da kasko biyu, ya hura su suka yi jajir, ya shigar musu ɗaki. Ya bi taga da tsumma ya toshe duk wata kafa, ya ce su sa sakata. Ba mugunta ya yi ba. Abin da kowa a cikinmu yake yi ke nan idan sanyi ya matsa, mu rufe ɗaki ruf da garwashi a ciki mu ce mun yi dabara.

Da safe Tambaya ta kawo ruwan zafi ta buga ƙyaure. Shiru. Ta sake bugawa, ba tari, ba kukan jaririya. Sai idonta ya kai kan tsummokaran da aka cusa a taga. Tana yarinya haka aka wayi gari da yayyenta biyu a mace a shagon kwanansu, ɗaki a rufe, kasko a tsakiya, jikinsu ba ko ƙwarzane. Ba ta tsaya neman kowa ba. Ta koma ta ɗauko gatarin faskarenta, ta fasa tagar, ta ɓalle ƙyauren. Ta jawo Wasila ta hammata har tsakiyar fili inda iska take kaɗawa, ta koma ta jawo tsohuwar. Jaririyar kuwa ta cusa ta cikin rigarta, fata da fata.

Buba ya sheƙo a guje daga wurin 'yan shanunsa.

"Inna, kin haukace? Mai jego kinka hiddo cikin sanyin ga? Ɗanyen jiki gare ta!"

"Ɗauko kaskon can ka yada waje," in ji Tambaya. "Shi ka kashe su, ba iska ba."

"Wuta ka kashe mutum cikin ɗari? Mai da su ɗaki, don Allah."

"Wallahi ba mai mai da su, sai dai a taka ni."

Da hantsi Malam Tajuddeen, jami'in lafiyar asibitin, ya iso. Wasila ta farfaɗo tana amai. Tsohuwa Juwairiyya ba ta farfaɗo ba, ta cika a mota kafin a kai Gusau. Jaririyar kuwa kwana uku ta yi ɗaure a ƙirjin Tambaya, ana tatsar nonon uwarta ana ɗiga mata da cokali. Da ita a jiki Tambaya ta yi shara, da ita ta dafa ruwa, a zaune take barci don kada ta danne ta. Ranar suna aka raɗa mata Rukayya.

Amma tun a wurin zaman makoki magana ta riga ta fita: sanyi ne ya kashe tsohuwa, kuma Tambaya ce ta fitar da ita. Wata shida mata suna ƙin ruwanta, wasu daga gida suke tahowa da nasu a tulu. Aka daina kiranta biki. Daga ofis kuma aka aiko mata da takarda ta yi bayanin dalilin da ya sa ta lalata kayan gwamnati. Ita da ba ta karatun boko, sai da aka karanta mata. Malam Tajuddeen ya cika shafi biyu yana bayanin cewa gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da gubar da ba ta da wari, kuma da an ƙara rabin sa'a gawa uku za a fitar. Ba a ba shi amsa ba. Bayan shekara aka yi masa canjin wurin aiki, shaidarta ɗaya tak ta tafi.

Inna, ke ce kika ga ƙofa a rufe kika ƙi jiran izinin kowa. Ke ce uwar bakwaini ta kwana uku. Kin san za a zage ki tun gatarin yana hannunki, kika sara. Mu kuwa da muka ci moriyar ruwanki, muka ji ana ɓata ki muka sunkuyar da kai, abin kunya ne a gare mu, ba a gare ki ba.

Masu kishin kayan gwamnati har yau ba su gyara tagar ba, buhu aka liƙa. Duk shekara idan sanyi ya shigo Tambaya takan ɗage gefen buhun, ta bi ɗakuna tana ƙwace kasko. Mutane suka sa mata suna masifaffiya. Tun daga wannan shekara ba a sake fitar da kowa a sume daga asibitin ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Ranar da ta yi sallama da aiki, tana kashe wutarta ta ƙarshe, sai ga Buba da wata yarinya doguwa mai ɗauke da ƙwaryar nono. Rukayya ce. Buba ya tsuguna ya gaishe ta, ya daɗe yana zanen ƙasa da sanda.

"Inna, na zo neman gahwara. Shekara biyar da sunka wuce, ƙanena da matatai da ɗiyansu sunka kwanta da gawayi a Tsahe. Ba wanda ya hiddo su cikin sanyi. Haka anka iske su. Tun rannan na san ba ke ta ba."

Tambaya ta dube shi. "Shekara biyar ka sani?"

"Na sani, Inna."

"Kana ji ana hwaɗi kasuwa, kana wucewa?"

Ta jawo Rukayya ta shafa kanta, ta karɓi nonon.

"Na yahe maka, Buba. Amma ba ni za ka gaya ma ba, ni na sani tun ranar. Gaban mutane anka ɓata ni. Ka tashi bayan sallar Juma'a ka hwaɗa musu."

Ya ce to. Juma'a huɗu ke nan, Buba bai tashi ba. Duk Juma'a da la'asar Tambaya takan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida tana duban masu dawowa daga masallaci, ko wani zai ratse ya ce mata ya ji.

Mun gode, Inna Tambaya. Allah ya saka miki da abin da muka kasa. Ga sanyi nan tafe, kuma bana ba mai bin ɗakuna yana ƙwace kasko. Wanda ya karanta wannan ya fitar da garwashi kafin ya kwanta, ya bar wa iska kafa, idan kuma ya buga ƙofar maƙwabci ya ji shiru, ya fasa ta, a zage shi daga baya. Tunda Buba ya kasa tashi, ga shi a rubuce, a kai mata gida a karanta mata yadda aka karanta mata waccan takardar: Tambaya ba ta kashe kowa ba. Ɗaki ta fasa, ta fito da mutum biyu da rai.