Glenys da Akwatin Rana ta Dubu

Tunda nake ban taɓa ganin Glenys Pardoe ta shanye kofin shayi a zaune ba. Matar yayana ce, marigayi Clarrie. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana raba wasiƙu a gonakin da ke kewaye da garinmu Baradine, kuma ko a coci ana tsakiyar addu'a za ka ji ƙafarta tana bugun benci. Ranar da ta yi ritaya, duk garin Clarrie aka tausaya wa.

Shi ya samo mata farautar akwati. Wani zai ɓoye ɗan akwati a daji, ya sa lambobin wurin a intanet, kai kuma ka bi su da wayarka har ka gano shi, ka sa hannu a littafin da ke ciki, ka mayar da komai yadda ka same shi. In ba ka sa hannu ba, ba ka samu ba. Ba a kuma faɗa wa wanda bai je ba abin da ke ciki. Clarrie ya fi son ɓoyewa, ita ta fi son nema. Abu ɗaya ke haɗa su faɗa: kowa kan fara zungurar rami da sanda kafin ya kai hannu, ita kuwa ba ta da wannan haƙurin.

"Sanda, Glenys!" haka yake mata ihu daga baya.

"Sai na tsufa," ta ce da shi, alhali a lokacin ta haura sittin.

Da ya rasu, washegarin binne shi ta fita nema, ta kuma ɗaukar wa kanta cewa kullum sai ta samo akwati ɗaya, har rana dubu. Ruwa ko rana, ko Kirsimeti. Akwatunan kusa suka ƙare, muka koma wajen garin Narrabri, muka koma Dubbo. Ni ce direba, don yaya ya roƙe ni kada in bar ta ta shiga daji ita kaɗai. Gaskiya na sha jin haushinta. Ni mace ce mai son kujera da rediyo, ga tsoron maciji kamar me.

Dole na koyi macizan a bakinta. Mai zanen darduma mesa ce, ba ruwanta da mutum. Baƙi mai jan ciki yana da dafi, amma matsoraci ne. Mai ruwan ƙasa shi ne mugun, kuma kada in yarda da launin bayansa, don wani fari-fari ne, wani kusan baƙi. "Cikinsa za ki duba, Raelene," in ji ta. "In kin ga ɗigo-ɗigo masu launin lemo, ki ƙame kamar gunki."

Akwati ɗaya ta ƙi taɓawa duk tsawon lokacin nan, wanda Clarrie ya ɓoye a ƙarshe, can cikin dajin Pilliga. Shi ta ajiye wa rana ta dubu, wadda ta faɗo a Nuwamba, lokacin da zafi ke farawa a ƙasarmu. Tun a mota take ta duba waya tana cewa in ƙara wuta. Kafin in kashe inji ta dire. Na ɗauko sandar Clarrie da jakar bandeji na bi ta ina haki, ƙudaje na shiga min baki.

Wani gungumen icce ne kwance, mai kogo. Ina ce mata ta jira, ta riga ta durƙusa ta zura hannun dama.

Ba ta yi ihu ba. Ta dai fizgo hannun. Abin ya fito, siriri, ƙaramin kai, ya ɗaga wuyansa ya lanƙwashe, na ga cikinsa sarai kafin ya sulale cikin ciyawa. A wuyan hannunta akwai 'yan ƙarzuwa biyu, ko jini babu.

"Ƙadangaren nan ne marar ƙafa," ta ce da sauri. "Ba komai."

"Kwanta."

"Haba, Raelene, ko zafi ba na ji."

"Matar yaya, ni za ki raina wa hankali? Ɗigon lemo na gani. Ke kika koya min. Kwanta, ko in zauna a kanki, kin kuwa san nauyina."

Ta kwanta a inuwa tana ƙunƙuni. Ban wanke wurin ba, don likitoci na son ragowar dafin da ke kan fata. Na naɗe hannun tamau daga yatsu har kafaɗa, na ɗaure shi a jikin wani guntun reshe don kada ya lanƙwashe, na yi alamar wurin cizon da biro. Sai da na hau bayan mota waya ta kama. Na kira asibiti, aka ce motarsu za ta kai minti hamsin, kuma kada ta motsa ko kaɗan, don motsi ne ke tura dafin cikin jiki.

Kada Glenys ta motsa! Na dawo na tarar har ta dogara da gwiwar hannu tana leƙen gungumen.

"Taku huɗu ne fa," ta ce.

"Ko ɗaya ne ba za ki yi ba."

"In suka ɗauke ni, kwana nawa zan yi a gado? Shi ke nan, ɗari tara da casa'in da tara. Ki bar ni in ja jiki."

Ƙafarta na ta karkaɗawa, gumi na zubo mata, ta fara cewa kanta na sarawa. Tsoro ya kama ni sosai, na ga matar nan za ta kashe kanta a gabana saboda sa hannu. Na yi mata faɗa, na yi lallashi, na ba ta labarin kajina. A banza. Da na juya in duba hanya sai in ji ganye na motsi a ƙarƙashinta.

Sai na ɗauki sandar. Ni da ko fatar maciji na gani a hanya sai na canza gefe, na je ina buga ƙafa a ƙasa, na doddoki gungumen, na zura sandar, na jawo wani koren akwatin ƙarfe. Na kawo mata na buɗe. Akwai ƙaramar motar wasa, da maɓalli, da littafi cikin leda.

"Da hagu za ki sa, ni zan riƙe," na ce. "Kika ɗaga kai, na jefa shi daji."

Na buɗe shafin farko don in wuce, sai na ga rubutun yayana, manyan baƙaƙen nan nasa masu karkata. Na karanta mata a fili:

"Glenys, na san hannu kika sa. Sanda, matar nan, sanda. Yanzu zauna ki huta, kin gama."

A ƙasa sunaye sun kai arba'in, rabinsu mutanen da muke shan shayi tare ne duk wata. Shekara uku suna sane, ba wanda ya ce mata uffan.

Ta yi dariya har hawaye ya gangara cikin kunnenta. Ta ja sunanta da hagu, a karkace. Na ɗora mata littafin a ƙirji, ƙafar nan kuma ta tsaya. Rabin awa tana kwance tana kallon rassan itatuwa, ko yatsa ba ta ɗaga ba. Ni ce na koma ina safa da marwa tsakaninta da hanya.

Ma'aikacin motar asibiti ya duba ɗaurin ya ce da ta tashi ta taka zuwa mota, da wuya a kai ta da rai. Kwana huɗu ta yi a gado, ta kuma warke.

Amma lokacin da suke ɗaga ta a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, na kama littafin zan sa mata a jaka, don shi ne maganar Clarrie ta ƙarshe gare ta. Ta girgiza kai.

"Mayar da shi, Raelene. Cikin leda, yadda yake. Akwai masu zuwa bayana."

Na mayar, da sanda.