Abin da Yaya ya share daga kwamfutarmu

A ƙarshen shekarun casa'in yayana ya shigo gidanmu na Kurmin Sarki da tsohuwar kwamfuta da firinta, gwanjon wani ofis a Abuja. Ya ɗora wa kwamfutar manhajar Linux daga faifan wani abokin aikinsa na Madalla, don kyauta ce. Manhajar a fakiti-fakiti take zuwa, kowane da aikinsa, kuma wani ba ya motsi sai da wani. A nan muka raba gari.

Ni duk fakitin da na gani sai na saka. Shi kuwa mutum ne mai tsabtar tsiya: duk sunan da bai gane ba tarkace ne, sai ya goge. In ya tafi aiki in mayar, in ya dawo ya share.

A gidanmu ƙane ba ya gyara wa wa zance. Saboda haka ta bakin Inna muke rigimar, ita da ko rediyo sai an kamo mata tasha.

"Yayanka ya ce ka daina ɗura mata abinci, cikinta ƙarami ne."

"Inna, ki ce masa abin da yake cirewa hanjinta ne."

Ta kai saƙon, amma ta sassauta shi ya koma gaisuwa.

Ana haka aka buɗe ɗaukar ma'aikata a Abuja, Juma'a za a rufe karɓar takardu. Shekara biyu ina zaman kashe wando. Ranar Alhamis da hantsi na gama rubuta takardata, na ce firinta ta buga, ta yi gum. Na duba: Yaya ya share fakitin da ke haɗa su magana, faifan kuma ya mayar Madalla.

Da ya dawo da la'asar na manta da Inna. Na tsaya a tsakar gida na ce, "Yaya, ba ka san abin nan ba. Ka daina taɓa abin da ba ka sani ba."

Ludayin Inna ya tsaya a tukunya. Ni kaina na tsorata da muryata.

Yaya ya juya. Ya tayar da babur ya fita, ga hadari ya haɗu ta wajen Dutsen Zuma. Ana kiran magariba ya dawo jiƙe sharkaf, faifan naɗe a leda cikin rigarsa. Ya ja mini kujerarsa, shi ya tsaya a bayana.

"Wanne ne?"

Na nuna masa.

"Wannan mai sunan maganin tari?"

Na mayar da fakitin, firinta ta tofo takardar. Ya karanta a tsaye, ya gyara mini kwanan wata, muka sake bugawa. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Na fara, "Yaya, maganar ɗazu..."

"Goge takalminka," in ji shi. "Da asuba ni zan kai ka."