Ɗauko Majiyyaci Daga Gonar Riɗi

A ƙasar Kano aka haife ni, aikin fasto ne ya kawo ni Gadarif. Majami'armu ƙarama ce, katangar zana da rufin kwano, a bayan kasuwar dawa. Yawancin masu zuwa sujada 'yan ƙodago ne daga Duwatsun Nuba da kudu, sai 'yan Habasha kaɗan. Da Larabci nake yi musu wa'azi, Larabcin da na koya da girma. Hausa kuwa sai da maƙwabtana nake yin ta, jikokin mutanen da suka taso daga yamma tun da daɗewa suka zauna nan suka kama noma. Dukansu Musulmi ne.

Idan kaka ta zo, mazan majami'a kan watse zuwa gonakin Simsim yankan riɗi, su zauna a kambo, wato sansanin bukkokin ma'aikata. Aikin na gaggawa ne, domin in riɗi ya nuna ba a yanke ba, tsagewa yake yi ya zube a ƙasa.

A irin wannan lokaci ne, wata Lahadi bayan an tashi, wata mata 'yar Nuba mai sayar da shayi a tasha ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi tafiya. Na san mijinta. Dogo ne ƙaƙƙarfa, amma ya daina zuwa sujada tun da barasa ta kama shi.

"Baba Gassis," ta ce, haka suke kiran fasto a nan, "wani da ya dawo daga Simsim ya ce ya baro shi kwance a kambo. Zazzaɓi ya ƙi sauka, cikinsa ya kumbura, jikinsa duk ya ƙare. Wakilin gona ya ce babu motar da za ta fito sai an gama yanka."

Duk wanda ya zauna a Gadarif ya san waɗannan alamu. Kala'azar ce. Tana da magani a asibiti, amma in aka bar ta kashewa take yi.

Na tara dattawan majami'a na ce zan je in ɗauko shi. Babbansu, wani tsohon kafinta, bai ɓoye ra'ayinsa ba.

"Fasto, mutumin nan a ƙofar nan ya tsaya ya zage ka a gaban jama'a. In ka je hanya ta riƙe ka, wa zai tsaya mana ranar Lahadi?"

"Ku za ku tsaya, Baba. Kun iya karatu, kun iya addu'a," na ce. "Wanda nake bauta wa bai jira na gyaru ba kafin ya zo nemana. Ban ga yadda zan yi wa'azin wannan ba alhali na bar mutum yana mutuwa a daji."

Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ba ni da mota. Sai na nufi gidan maƙwabcina Alhaji, manomin dawa, mai wata tsohuwar boksi, motar a-kori-kura da yake ɗaukar buhuna da ita. Na same shi a ƙarƙashinta da sifana a hannu.

"Ɗan ƙasa, ka san hanyar nan kuwa? Shekaranjiya ruwan ƙarshe ya sauka. Laka ce zalla."

"Na sani, Alhaji."

"Mutumin naka ne?"

"Nawa ne, sai dai ya daina zuwa."

Ya yi dariya har sifanar ta faɗi. "Ashe ku ma kuna da irinsu! To, kwayyis, ba damuwa. Gobe da safe."

Muka tashi da sassafe. Tafiya ta yi kyau muddin muna kan kwalta. Da muka sauka, baƙar ƙasar nan ta fara kama tayoyi, motar na tafiya tana karkacewa. Wajen hantsi muka faɗa wani kwari, ta nutse har gindi. Muka tona, muka tura, ba ta motsa ba. Alhaji ya kashe ta, ya nuna min wasu bukkoki can nesa a ƙarshen gona.

"Ga kambon can. Ka koma ko ka ci gaba?"

Na cire takalmina na rataya a wuya. Shi ma ya naɗe jallabiyarsa, duk da ciwon gwiwa da yake fama da shi.

Mun same shi a wata bukkar ciyawa, kwance kan buhu, da gwangwanin ruwa a gefensa. Da ba a nuna min shi ba, da ban gane shi ba. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallona.

"Gassis, me ya kawo ka? Ni da na zage ka."

"Ajiye sauran zagin sai ka warke, zan zauna in saurara," na ce.

Wakilin ya zo daga cikin gona, idonsa ja don gajiya. Ba mugun mutum ba ne. Ya ce tarakta ɗaya gare shi, in ya sake ta riɗi zai zube, mai gona ba zai saurare shi ba, ma'aikata ma su yi asara. Na roƙe shi ta kowace hanya, ya ce a'a. Da na ga ba zai sauya ba, sai na nemi ya ara mana angareb, gadon igiyar da yake kwana a kai. Wannan ya bayar.

Lokacin ya yi daidai da hutun rana, ma'aikata na zaune a inuwar tarakta suna cin asida, tuwon mutanen nan. Na yi musu magana da Larabci, Alhaji ya yi wa Hausawan cikinsu da Hausa. Kowa ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu ba, domin da yawan abin da mutum ya yanka ake sallamarsa, wanda ya bar gona yini guda iyalinsa ne za su ji a jika.

Muka ɗora majiyyacin a gado. Na kama gaba, Alhaji ya kama baya, muka ɗaga. Ba mu yi nisa ba gwiwar Alhaji ta lanƙwashe, gadon ya karkace, saura kaɗan mutumin ya zame cikin laka. Muka ajiye, muka huta, muka sake ɗagawa. A karo na gaba da muka ajiye, na ji tafiya a bayanmu. Wani Bahaushe ne mai gemu, yana goge hannu a wando.

"Haba Baba Alhaji, sake min nan," ya ce.

Bayansa wasu 'yan Nuba suka taso, har da wani ɗan Habasha da ba ya jin yaren kowa a cikinmu. Muka riƙa karɓar juna. Laka na maƙale wa ƙafa har sai ka tsaya ka yaɓe ta da kara. Da la'asar ta yi, Alhaji da Bahaushen suka tsaya salla a gefen gona, ni kuma na cire rigata na yi wa majiyyacin inuwa ina yi masa addu'a a hankali. Mutanen nan su suka saro rassan ƙaya suka shimfiɗa a ƙarƙashin tayoyi, suka tura boksin har ta fita, sannan suka juya suka koma gona.

Ya daɗe a asibiti ana yi masa allura kullum. Matan majami'a suka raba kwanakin kai abinci a tsakaninsu. Wata rana na shiga na tarar da tsohon kafintan nan zaune a bakin gadon, yana ba shi kunu da cokali. Bai dube ni ba.

Ya warke. Ƙarfinsa bai dawo kamar da ba, yanzu gadin wani ɗakin ajiyar buhuna yake yi a kasuwa. Ya bar barasa, ya koma, ya sake bari. Wani lokaci yakan rako matarsa ya zauna a bencin baya.

Tun daga shekarar nake bin kambo-kambo duk kaka, ina leƙa bukkoki ina tambayar ko akwai wanda ke kwance. Ba na tambayar addininsa sai in ta kai ga jana'iza. Bara mun ɗauko wani ɗan Habasha daga wajen Gallabat, ya cika a hanya kansa na bisa cinyata. Muka binne shi a maƙabartar Kirista, ba mu san kowa nasa ba. Wanda ya nuna mana shi ya ce akwai wani kwance a kambon da ke gaba, don haka washegari na wanke kayana, na cika jarka da ruwa, na tafi tasha neman lori.