Iya Sikira, Wadda Ta Nuna Mini Jos

Da hantsin ranar Talata ina zaune a tsakar gidanmu a Kwaciri, ina ɗinka sunana a wuyan rigar makaranta, sai Inna ta shigo tana salati. Ta ce motar da ta ɗauko Iya Sikira daga Jos ta yi karo da babbar motar siminti a wajen Saminaka, Iya ko shurawa ba ta yi ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Iya Sikira maƙwabciyarmu ce, Bayarbiya, mai rumfar atamfa a Kantin Kwari. A Jos aka haife ta, aure ne ya kawo ta Fagge, kuma duk wata takan kai kaya Jos. Da na ci jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata a Jos, Baba ya ce ba za ni ba, domin garin ya yi nisa, ni kuma ko a gida da ƙyar ake jin muryata. Iya ta zo har zaure ta ce, "Malam, ka ba ni ita amana. Duk wata zan gan ta da idona." Saboda ita kaɗai ya yarda.

Ita ta raka ni intabiyu, da suwaitar da ta sayo mini a kasuwar Sabon Gari. Da aka gama, na so mu koma masauki in ɓuya, ta ƙi. Ta ce, "Garin da za ki yi shekara biyar a ciki, ta taga za ki san shi?" Ta kai ni gidan namun daji, washegari muka hau Dutsen Shere, tana haki tana dafa gwiwa, sanyi yana kaɗa mini haƙora. A hanyar dawowa ta nuna mini wani kududdufi da masu haƙar kuza suka bari. "Kin ga ruwan nan shuɗi mai kyau? Ko ƙawaye sun ja ki, kada ki sa ƙafa. Zurfinsa ya fi gidan sama."

Wajen abinci ma ba ta raga mini ba. Ta nuna mini mai masa kusa da masallacin Juma'a, ta ce duk inda ban sani ba in tambayi wanda ya yanka naman. A rumfar wata Maman Ladi, kusa da tasha, ta sa aka zubo mata gwaten acca da soyayyen dankalin Turawa, ita kaɗai. Na raɗa mata, "Iya, ki ce a kawo mini."

"Ni? Bakin naki a Kano kika baro shi?"

Sai da yunwa ta ishe ni na ce, "Mama, gwate." Matar ta kama kunnenta ta ce, "Ban ji ba, 'yar Kano." Na sake faɗa da ƙarfi har mutane suka yi dariya. A lokacin na ji haushin Iya, Allah Ya yafe mini.

Bayan sadakar bakwai na ji Baba yana ce wa Inna a kwance akwatina, ba zai sa 'yarsa a hanyar da ta ci Iya ba. Kwana biyu na kasa cin abinci, ga shi saura mako guda a buɗe makaranta. Jiya bayan la'asar na same shi a zaure, na durƙusa.

"Baba, ina so in je."

"Wa zai riƙa duba ki?"

"Ni ma tsoro nake ji, Baba. Amma ina so."

Ya dube ni ya ce, "Baiwar Allahn nan ta tsaya miki, ba zan watsa mata ƙasa a ido ba. Ranar Asabar zan kai ki da kaina."

Ta wannan hanyar za mu bi. Ban san yadda zan yi in mun zo wurin da aka yi hatsarin ba, ko in rufe ido ko in duba.

Allah Ka jiƙan Iya Sikira, Ka haskaka kabarinta, Ka sa Aljanna ce makomarta. Allah Ka ba mijinta Alhaji Rasaki da 'ya'yanta Mulika da Taibatu haƙurin rashinta, Ka raya abin da ta bari. Mu kuma da za mu hau hanyar, Allah Ka kai mu lafiya, Ka dawo da Baba gida lafiya. Amin.