Sunan 'Yar Fari a Lasifika

Damina ce mai kyau waccan shekarar. Ruwa ya sauka da wuri, gero ya yi tsayi a hanyar Baure har mutum ya shiga ba a ganinsa, kowa a unguwarmu fuskarsa a sake. Ni ma sai in ji ina 'yar waƙa a madafi ba gaira ba dalili.

A lokacin ne aka turo wata malama mai bautar ƙasa makarantar 'yan matan da babbar 'yata take. Jamusanci ta karanta a jami'a, sai ta nemi izini ta riƙa koya wa masu so bayan an tashi. Tawa ta shiga. Nan da nan gida ya cika da wasu sautuka daga can cikin maƙogwaro. Ƙannenta har birgima suke yi don dariya, babansu kuwa da ya dawo daga kasuwar dabbobi ta Mai'adua tambaya ya yi ko a dafa mata citta da kanumfari.

Malamar ta shirya ɗan wasan da za a yi gaban iyaye ranar ba da kyaututtuka: ƙawaye biyu sun haɗu a tasha suna gaisawa. Aka zaɓi 'yata, ita da wata ƙawarta 'yar garin Babban Mutum. 'Yar tawa kuwa tun tana ƙarama muryarta ba ta fita gaban mutane, kuma ba a taɓa zaɓenta a komai ba sai wannan karon. Sai ga shi an yi haihuwa a gidan su ƙawar, ta tafi, ta bar ta ba abokiyar gwaji.

Ina tankaɗe da la'asar 'yata ta zo ta tsuguna can gefe, tana kallon ƙasa.

"Inna, ko za ki riƙa karɓa mini? Layi kaɗan ne."

Ita 'yar fari ce. Tun da aka raɗa mata suna ban taɓa kiransa ba. "Ke" nake cewa, ko in ce wa ƙannenta su kira mini wannan. Ba ma zaman hira, ba na yabonta gaban kowa. Haka uwata ta yi da yayana, haka na taso na gani. Amma na ce to.

Ta rubuta mini nawa a bayan kwalin sukari, da manyan baƙaƙe irin waɗanda muka koya a makarantar yaƙi da jahilci. Na haddace su ina dama fura, ina shanya, ina ba kaji tsaba. Wata rana maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta same ni ina tambayar akuya daga wane gari take. Muka yi ta dariya har muka zauna a ƙasa.

Sai dai layin farko gaisuwa ce haɗe da sunan ƙawa, wato sunan 'yata zan kira. In na zo wurin sai in ce "Gutun tak", in ɗan yi tari, in wuce. Ita kuwa amsawa take yi idonta a ƙasa.

Ranar taron muka tafi da surukata da matan unguwa, muka zauna ƙarƙashin rumfa. An kwana ana ruwa, rafi ya cika ya yanke hanya, ƙawar ba ta iso ba. Daga inda nake na hango malamar na yi wa 'yata magana, na ga kafaɗunta sun sauka. Sai kuma na ga 'yar tawa ta ɗaga hannu ta nuno ni.

Malamar ta zo ta durƙusa gabana, da 'yar Hausarta ta ce in ba wanda zai karɓa, tsallake wasan za a yi. "Mama, don Allah," ta ce.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Cikina dariya, takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo sai da na koma na ciro shi. Aka miƙo mini abin magana. Niyyata in yi tarin nan da na saba in wuce. Sai na ɗago na ga 'yata tana kallon fuskata, na san in na yi tuntuɓe ita ma za ta rikice.

Na ce "Gutun tak", na kira sunanta.

Lasifika ta ɗauke shi ta watsa har bakin titi. 'Yata ta buɗe ido, ta yi wata 'yar dariya, muryarta ta fito tar kamar ba ita ba. Muka gaisa, na tambaye ta garinsu da Jamusanci, ta ce Daura. A tsakiya na sa layi na huɗu a wurin na uku, amma duk filin nan malamar kaɗai ta sani, ita kuwa ta rufe baki da hannu tana girgiza. Aka yi ta tafi.

A hanyar gida matan unguwa suka sa ni gaba. Wannan ta ce ashe Bajamushiya suke zaune da ita ba su sani ba, waccan ta ce yau kunya ta faɗa rafi. Ni dai surukata nake satar kallo. Sai da muka kai ƙofar gida ta gyara mayafinta.

"Ku ƙyale ta," ta ce. "Da yaren Jamus ta faɗa, ba ya cikin lissafi."

Washegari bayan na idar da sallar asuba na so in tashe ta ta hura wuta. Na tsaya bakin ɗakinsu na buɗe baki da Hausa, sunan ya ƙi fitowa. Na waiga, ba kowa a tsakar gida sai kaji. Sai na ɗaga labule a hankali na ce "Gutun morgin", gaisuwarsu ta safe, na kira sunanta.